Kibod na makanikal: ja, bulu ko ruwan ƙasa? Ku ba ni shawara kafin in saya

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara don Allah. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma ina karɓar aikin taipin na furojet ɗin mutane, shi ke rufa min asiri, da dare kuma in an samu wuta da data mai kyau ina buga Counter-Strike 2, wani lokacin GTA V. Kibod ɗin laftof ɗina ya gaji, harafin "a" da "n" sai na danna da ƙarfi, kun san kuma Hausa ba ta tafiya sai da su. Na tara ƴan kuɗi zan sayi na makanikal, na ga irin su Redragon K552 a intanet amma sai a ce ka zaɓi suwic, wato ɗan makunnin da ke ƙarƙashin kowane madanni, ja ko bulu ko ruwan ƙasa, ni kuma ban taɓa taɓa ko ɗaya da hannuna ba. Wanne ne zai ɗauke min duka biyun, rubutu da gem? Ɗaki ɗaya muke kwana da ƙanena, ɗakin Inna kuma bango ɗaya ya raba mu. Na gode.

MaiGyara_Sakkwato:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in hwaɗa maka yadda abin yake, kalar ba ado ba ta, alama ta da kamfanin Cherry na Jamus ya ƙirƙiro tun shekarun 1980 da sunka fito da suwic ɗin MX, daga baya da haƙƙin mallakarsu ya ƙare sai kamfanonin China irin su Gateron da Kailh da Outemu sunka shiga yin irinsa, sunka bi kalolin kamar yadda suke.

Ja shi na mai santsi, in ka danna yana sauka kai tsaye har ƙasa babu abin da zai tare yatsanka. Nauyin danna shi wajen giram 45, harafin yana fita in ya sauka milimita 2, duka tafiyar kuma milimita 4 ta. Ruwan ƙasa shina da ɗan tudu a tsakiya, kana dannawa za ka ji wani ɗan ƙulli ƙarƙashin yatsa, wannan shi ke gaya maka harafi ya shiga, amma ba ya ƙara sosai. Bulu kuma shina da tudun nan kuma shina da ƙara, saboda cikinsa akwai wani ɗan farin roba daban da ke zamewa ya bugi ƙasa ya ce ƙas, kuma ya fi sauran nauyi, wajen giram 60 kafin ka tsallake tudun.

Abin da yawancin masu saida kaya ba su gaya ma mutane shi na wannan: a bulu, wurin da harafi ke shiga da wurin da suwic ke sakewa ba ɗaya ba na. Sai ka ɗaga yatsa sama sosai kafin ya yarda ka sake dannawa. In rubutu kake wannan bai dame ka ba, amma a Counter-Strike inda kake taɓa A da D, madannan tafiya hagu da dama, da sauri don ka tsai da ɗan wasanka ka harba, za ka ji shina riƙe ka. Tunda ka ce duka biyu kake so kuma ga ƙane a ɗaki, ni ruwan ƙasa zan ce ka ɗauka.

Anti_Taipin:
Malam MaiGyara ka yi bayani Allah ya saka da alheri, amma ni ban yarda a yi saurin ture bulu ba. Shagon buga takardu nake aiki a nan cikin gari, tun safe har la'asar hannuna na kan kibod, takardun makaranta, wasiƙun neman aiki, katin biki, lokacin furojet kuwa ba a magana. Da bulu nake aiki kuma wallahi kuskurena ya ragu sosai, don kunnena na jin kowane harafi, ina kallon takardar da nake kwafa ba na kallon allo, in na tsallake harafi tun kafin in duba na riga na sani saboda sautin bai cika ba. Kuma ka koyi sakin madanni da zarar ya ce ƙas, ba sai ka kai shi ƙasa ba, yatsu ba sa gajiya kamar da. Ruwan ƙasar nan da ake ta yabo na gwada na wata abokiyar aikina, tudun ya yi min ƙanƙanta, in kana sauri kusan ba ka jin sa.

Sai dai ɗana, gaskiya ɗaya ce, a shago ga janareta ga firinta ga hayaniyar titi, ƙarar bulu ba ta damun kowa. A gida ƙarfe ɗaya na dare labari ne daban, ƙarar tana ratsa bango, kuma hakkin Inna ya fi kibod. In da ɗakinka daban ne da bulu zan ce ba tare da tunani ba. Tunda ba haka ba ne, ka bar shi.

Sniper_Arkilla:
Ɗan'uwa ja kawai. Duk wanda ke buga gem na harbi da gaske zai gaya maka haka, babu tudu babu komai, yatsa na sauka na tashi. Akwai ma Speed Silver da ke shiga a milimita 1.2 amma kar ka je can, in ka ɗora yatsa kaɗan harafi ya fita, furojet ɗin mutane zai cika da kuskure. Yanzu ma manyan ƴan wasa da yawa sun koma na maganaɗisu irin Wooting, wanda kai kake saita zurfin da kake so ya shiga, kuma da ka ɗan ɗaga yatsa ya sake, sai dai kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne, ga kuɗin kawowa. Kuma ka sani Valve, masu gem ɗin, ta hana amfani da Snap Tap, wato tsarin da kibod ke sakin A da kansa da zarar ka danna D, a CS2 tun 2024, to kar wani ya ruɗe ka da wannan a talla.

Maganar rubutu da ja kuma, farko za ka riƙa taɓa harafin gefe ba da niyya ba saboda laushinsa, amma hannu na sabawa. Ni assaimen ɗina duk da shi nake yi.

Ɗan_Mabera:
Na gode ƙwarai Yaya MaiGyara, Anti, da kai Sniper. Bulu dai ya fita tunda Anti ma da take son sa ta ce in bari. Saura ja da ruwan ƙasa. Tambaya biyu, wanne ya fi shiru tsakaninsu? Sannan ƙ da ɗ da ɓ fa, akwai kibod ɗin da ke zuwa da su?

MaiGyara_Sakkwato:
Haruffa masu lanƙwasa ba aikin suwic ba na, saiti na cikin kwamfuta, Windows tana da tsarin kibod na Hausa, ka ƙara shi a wurin harsuna, ko ka sa manhajar Keyman, kowane kibod zai yi.

Shiru kuwa kusan ɗaya suke, don yawancin ƙarar ja da ruwan ƙasa ba daga cikin suwic take ba, daga bugun da madanni ke yi in ya kai ƙasa ta, da kuma in sifirin ya maido shi sama. In hannunka na da nauyi ja zai fi ƙara ma, tunda babu tudun da zai rage maka gudu. Akwai Silent Red mai ƴar roba a ciki da ke kashe bugun, akwai kuma ƴan zobban roba da ake sa wa ƙarƙashin murfin madanni, suna da arha, ko tabarmar tebur mai kauri ka shimfiɗa ƙarƙashi tana rage amo sosai.

Amma ga abin da ya fi kala muhimmanci a garin nan, ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu in hunturu ya sauka kai ka san ko ka rufe taga sai ka rubuta sunanka bisa tebur da yatsa. Kamfani zai rubuta maka a kwali cewa suwic na ɗaukar danni miliyan 50, gaskiya na, amma a ɗakin gwaji anka auna, ba a Mabera ba. A cikin suwic ƴan ƙarafa biyu sirara ke haɗuwa su ba da harafi, in ƙura ta shiga tsakaninsu sai ka danna sau ɗaya ya rubuta biyu, "da" ta koma "dda", ko ya ƙi fita gaba ɗaya. Mafi yawan waɗanda ake kawo min da wannan ciwon suke zuwa, kuma madanni ɗaya ko biyu na kawai, sauran lafiya lau. In kibod ɗin na dalma na, sai na kwance shi duka na narka na cire, aiki mai yawa. In kuwa irin wanda ake zare suwic da ɗan ƙarfe na, hot-suwap suke ce masa, kai da kanka za ka zare ka sa wani cikin minti ɗaya. To ka tabbata an rubuta haka kafin ka biya, kuma ka nemi suwic mai ɗan akwati kewaye da kan, kamar Kailh Box ko na Outemu mai kare ƙura. Ka lura kuma wasu kibod masu arha ramin ƙafarsu ƙanƙane na, na Outemu kawai ke shiga, Gateron ko Cherry ba za su zauna ba, ka tambayi mai sayarwa.

Da irin wannan ma gardamarku da Sniper ta zo da sauƙi, ka sayi ruwan ƙasa, ka sayo ja guda goma daban ka sa a W A S D da wuraren gem in ka ga dama.

Anti_Taipin:
Wannan maganar ƙura gaskiya ce. Ni ɗankwali na ware masa, in zan tashi sallah ko in rufe shago sai in lulluɓe shi, ranar Asabar kuma in cire murafen in bi da buroshin fenti. Kar ka hura da baki, danshi ke shiga.

Ɗan_Mabera:
Madalla, Allah ya saka wa kowa. Ruwan ƙasa mai hot-suwap zan nema, da jajaye kaɗan na gwaji. Yaya MaiGyara in ya iso zan kawo maka ka duba min ramin ƙafar kafin in yi odar sauran suwic ɗin.

MaiGyara_Sakkwato:
Ba komai, ka taho bayan la'asar, kuma kar ka jefar da kwalin don ƴan suwic na ƙari da abin zarewa yawanci a ciki suke.