Bidiyo yana tsayawa a akwatin talabijin ɗinmu kullum da dare, ina matsalar take?

Tela_Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani, don abin nan ya fara ci min rai.

Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi, a gidan haya mai ɗakuna da yawa. Kafin azumin bara na sayo wa Mma baƙin akwatin Android ɗin nan a Adum, wanda ake jona wa talabijin, domin ta riƙa kallon tafsiri da sallar Harami a YouTube. Idonta ya yi rauni, allon waya ya yi mata ƙanƙanta. Intanet ɗinmu rauta ce mai sim, tana ɗakina a kan durowa kusa da keken ɗinki. Talabijin tana falon Mma, bangon bulo biyu ne tsakaninmu.

Da safe lafiya lau, komai yana tafiya sumul. Amma daga bayan magariba zuwa wajen ƙarfe goma, sai hoto ya tsaya cak, wannan da'irar ta yi ta juyawa a tsakiyar allo. Malami ya ɗauko aya, kafin ya kai ƙarshenta an katse shi. Mma ba ta ƙorafi, sai dai ta ajiye rimot ta ɗauki carbinta, kuma wannan shirun nata ne ya fi damuna.

Akwai kuma wani abu daban. In ƙannena suna kallon ƙwallon Turai, hoton ba ya tsayawa, amma ƙwallon sai ta riƙa tafiya tana ɗan tsalle-tsalle, musamman in kamara ta bi ta da sauri. Murya kuwa ba ta yankewa. Wannan ko da rana yana yi.

Data akwai. Kashewa da kunnawa na yi har na gaji. Wani ya ce in sayi sabon akwati, wani ya ce in canja layi. Kuɗin ɗinki ba na gwaji ba ne, shi ya sa nake so in san inda cutar take kafin in sayi magani.

MaiGyara_Adum:

Wa alaikumus salam Malam Tela. Allah ya ƙara wa Mma lafiya, ya saka maka da alheri kan wannan hidima. Kada ka sayi komai tukuna. Bayanin da ka yi ya nuna matsala biyu ce, kuma ba wuri ɗaya suka fito ba.

In da'ira tana juyawa, bidiyon ne bai iso ba. Akwatin yana tara 'yan daƙiƙu na bidiyo a gaba kafin ya nuna maka, kamar randar da famfo ke zuba wa ruwa kana ɗiba. Muddin abin da ke shigowa ya fi abin da ake ɗiba, ba ka ganin komai. Da zarar ya gaza, randa ta ƙafe, hoto ya tsaya. In kuwa hoto yana tsalle murya tana tafiya daidai, to bidiyon ya iso, akwatin ne ko saitinsa ya kasa nuna shi yadda ya kamata. Canja layi ba zai taɓa wannan ba.

Mu fara da ta Mma. Yau da dare, a daidai lokacin da abin yake yi, ɗauki wayarka ka haɗa ta da wifi ɗin gidan, ka buɗe fast.com, shafin auna gudun intanet. Auna sau ɗaya kana tsaye kusa da rauta, sannan ka je gaban talabijin ɗin Mma ka sake aunawa. YouTube da kansu sun ce ingancin hoto na 1080p yana son gudun intanet na 5 Mbps, 720p yana son 2.5, 480p kuma 1.1 ya ishe shi. 4K ne ke neman 20. Ka ga ba wani gudu mai yawa ake buƙata ba, abin da ake so shi ne ya ɗore, kada ya riƙa hawa da sauka.

In kusa da rauta lambar tana da kyau amma a falo ta zube, bangon ne da wifi. In ko kusa da rautar ma ta zube da dare alhali da safe tana sama, to eriyar unguwa ce ta cika. Lokacin nan kowa ya dawo daga kasuwa, Aboabo da Asawase da Sawaba duk an riƙe waya, kuma abin da eriya ɗaya take da shi ne ake rabawa.

Ni na fi zargin duka biyun sun haɗu maka. Rauta a kan durowa a tsakiyar ɗaki, ƙarƙashin rufin kwano, kusa da ƙarfen keke, wuri ne mara kyau ƙwarai. Kai ta taga, ka ɗaga ta sama, ka duba ko fitilun sabis ɗinta sun ƙaru. Sannan duba bayan akwatin, yawancinsu suna da ramin kebul ɗin intanet. Ka sayi kebul mai tsawon da zai kai daga rauta zuwa falo, ka bi da shi ta saman bango. Kebul irin wannan yana aiki har mita 100 ba tare da ya rage komai ba, kuma bango bai dame shi ba. A aikina babu gyaran da ya fi wannan arha da amfani.

In jan kebul ba zai yiwu ba saboda mai gida, duba ko rautarka tana fitar da wifi biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 5 ya fi gudu kuma ba cunkoso, amma ba ya jure bango. Na 2.4 yana ratsa bango, sai dai a gidan haya rautocin maƙwabta da hotspot ɗin samari duk a kansa suke. In a kansa za ka zauna, shiga saitin rauta ka gwada tasha 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna.

MamanYara_Asawase:

Ɗan'uwa, kafin ka hau bango da kebul, tambayi kanka mutum nawa ne suke da lambar sirrin wifi ɗinka. Ni a gidanmu na ba yarinyar maƙwabciyata saboda aikin makaranta, ashe wayoyin yanzu suna iya raba lambar da hoto ɗaya. Ranar da ɗana ya buɗe min jerin na'urorin da ke kan rautar, na ga wayoyin da ban san masu su ba. Da dare kowa yana kan TikTok da kiran bidiyo. Na canja lambar, na ba wanda nake so in ba da hannuna, ba faɗa ba tashin hankali.

Sannan a kan tafsirin Mma, ka shiga alamar saiti a cikin bidiyon ka sauke ingancin zuwa 480p ko 720p, kada ka bar shi ya zaɓa da kansa. Malami ne a zaune yana karatu, murya ce abin nema. Data ɗinka ma zai fi daɗewa. Netflix sun ce hoto mai inganci yana iya cin har 3 GB a awa ɗaya, 4K kuma har 7, to ka lissafa wata guda na azumi. Gaishe min da Mma.

ƊanAlabar:

Yaya, maganar ƙwallon na san ta sosai. Wasannin Turai a kan tsarin 50 ake ɗaukarsu, wato hoto 50 ko 25 a daƙiƙa, irin tsarin talabijin ɗinmu na Gana. Akwatunan nan kuma da yawa suna zuwa a saite kan 60Hz. Hamsin ba ta shiga sittin daidai, dole akwatin ya riƙa maimaita wasu hotuna, shi ne tsallen da ƙannenka suke gani in kamara ta juya. Shiga saitin allo, inda aka rubuta 1080p 60Hz, ka mayar da shi 1080p 50Hz. Ni daga ranar da na yi haka ƙwallo ta daina rawa. In ka ga an sa shi a 4K alhali talabijin ɗin ba 4K ba ce, sauke shi, wahalar banza yake sha.

Amma gaskiya in da hali ka sayi sabo mai suna kawai, waɗannan baƙaƙen akwatunan abin da aka rubuta a kwalinsu ba shi ne a ciki ba.

MaiGyara_Adum:

Ƙanena, maganarka ta 50Hz daidai ce, na ji daɗi da ka kawo ta. Batun sayen sabo ne ban goyi baya ba yanzu. Gaskiya ne akwai waɗanda ake rubuta musu RAM 4 GB a kwali ka buɗe ka tarar da 1, kuma tsoffin ba sa iya buɗe sabbin tsarin matse bidiyo irin su H.265 da AV1 sai da ƙyar. Amma akwatin da ke nuna tafsiri sumul da safe bai mutu ba. Sabon ma in aka ajiye shi bayan bangon nan biyu, da'irar nan za ta biyo shi.

Malam Tela, abu biyu na manta. Taɓa akwatin bayan ya yi awa ɗaya yana aiki. In ya yi zafin da hannu ba ya son daɗewa a kai, yana rage ƙarfin kansa ne don kada ya ƙone, hoto kuma sai ya fara sarƙewa. Iyayenmu suna son rufe kayan wuta da ƙyallen ado saboda ƙura, a cire shi lokacin kallo. Na biyu, cajarsa. A yi amfani da wadda ta zo da shi, a bango. Masu Fire TV Stick ma, wato 'yar na'urar kallo da ake soka wa talabijin, ina gaya musu kada su ciyar da shi daga ramin USB na talabijin, tsohon ramin rabin amfiya yake bayarwa, bai ishe shi ba.

In kana son shaida, a cikin saitin bidiyon YouTube akwai wani abu da ake kira Stats for nerds. Kunna shi. Layin Buffer Health, wato randar nan, in yana gangarowa zuwa sifili, intanet ne. In yana cike amma lambar dropped, wato hotunan da aka tsallake ba a nuna ba, tana hawa, akwatin ne.

Tela_Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na samu.

Na auna bayan isha'i. Kusa da rauta 6 ya nuna min, a falon Mma bai kai 1 ba. Da na mayar da rautar taga mai kallon titi, fitilar sabis ta ƙaru, lambar ta haura 9. Hajiya, maganarki ma ta tabbata, na tarar da wayoyin da ba namu ba, na canja lambar sirri. Ƙyallen ado kuwa yana nan a kan akwatin kamar ka gani da idonka Malam, na ce wa Mma ta riƙa ɗage shi in za ta kunna.

Mai gida ya yarda in ja kebul, sharaɗinsa kada in fasa bulo, don haka ta saman ƙofa zan bi da shi. Kafin nan na sa mata 480p, jiya ta saurari karatun har addu'ar rufewa, sau ɗaya kawai ya ɗan tsaya wajen ƙarfe takwas. Na kuma sa 50Hz, sai ranar Asabar ƙannena za su ba ni labari.

Malam mai gyara, saura tambaya ɗaya. A shagunan Adum na ga kebul iri biyu, an rubuta Cat5e a wani, Cat6 a wani, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Nisan bai wuce mita 15 ba. Wanne zan ɗauka?

MaiGyara_Adum:

Ɗauki Cat5e, ya ishe ka har ya yi yawa, ramin irin akwatinka galibi 100 Mbps ne iyakarsa. Ka dai ce a matse maka kawunan a gabanka, a gwada shi da na'urar gwaji kafin ka bar shagon. In ka jona, ka kashe wifi ɗin akwatin daga saiti domin ka tabbata ta kebul ɗin yake bi.