VCO ɗin da na haɗa ya ƙi tsayawa a murya ɗaya, ina matsalar take?

Ɗan_Waya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan da na tsunduma harkar haɗa sintesaiza, wato na'urar kiɗa mai ƙirƙirar sauti da lantarki, da hannuna, yau dai abin ya kai ni bango. Na fara da ɗan abin wasan nan na IC 555 guda biyu da ake kira Atari Punk Console. Da ya yi ƙara na yi ta murna kamar na ƙera jirgin sama. Na yi wani da CD40106, shi ma ya yi kuka. Sai zuciya ta raya mini in haɗa VCO na gaske, wato osileta (sashen da ke fitar da sautin) wanda wutar da ka ba shi ita ke faɗa masa muryar da zai yi, bisa ƙa'idar bolt ɗaya oktef ɗaya.

Abin da ke kan allon: TL074 ɗaya, tiransisto 2N3904 guda biyu, kafasito 2.2nF na lokaci, sai 7812 da 7912 da ke ba ni +12V da −12V, duk a allo guda. (7912 na farko sai da ya ƙona mini ɗan yatsa, don na ɗauka jerin ƙafafunsa ɗaya ne da na 7812. Ashe ba haka ba ne.)

Sauti yana fita, kuma yana da daɗi. Amma in na saita shi a 440Hz da manhajar waya, kafin minti goma ya gudu ya bar wurin. In na kunna fanka sai ya dawo baya. Ko yatsa na kai kusa da tiransiston sai ya canza. Sannan tun da na ƙara LFO, wato wani osileta mai tafiya a hankali, mai ɗan kwan LED, duk lokacin da kwan ya haska sai muryar ta ɗan rusuna, ya mutu ta miƙe. Na uku, oktef uku na ƙasa suna tafiya daidai, amma daga na biyar zuwa sama duk sun gaza kaiwa.

Na sake narka dalmar kowace ƙafa har sau biyu. Na canza TL074. Babu abin da ya sauya. In wargaza in sake ne, ko akwai abin da ban gani ba?

Tsohon_Mai_Rediyo ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka wargaza komai. Ciwo uku ne suka haɗu maka, kai kuma kana ba su magani ɗaya, wato sake dalma. Ni zan ɗauki na zafin, don shi ya fi cin rai.

Kunnen mutum ninki yake ji. Daga 220Hz zuwa 440Hz oktef ɗaya ne, daga 440 zuwa 880 ma oktef ɗaya. Shi ya sa tun zamanin Robert Moog, mai ƙera sintesaiza, a shekarun 1960 ake neman abin da zai mai da ƙarin bolt ɗaya ya zama ninkin sauri. Tiransisto yana yin wannan aikin a kyauta: ƙara masa wajen milibolt 18 tsakanin ƙafafunsa biyu da ake kira bes da emita, wutar da ke ratsa shi ta ninka. To ga inda gizo ke saƙar. Shi wannan tiransiston, in zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya na Selsiyos, wutar bes da emitarsa tana sauka da wajen milibolt 2. Yi lissafi da kanka: 2 cikin 18 ya fi mataki ɗaya cikin matakai 12 na oktef. Digiri ɗaya tak! Yatsanka kuwa ya fi ɗakin ɗumi nesa ba kusa ba.

Dalilin sa su biyu ke nan, don ɓatan ɗaya ya share na ɗayan. Amma sai in zafinsu ɗaya ne a kowane lokaci. Faɗa mini, nawa ne tazarar da ke tsakaninsu a allonka? Kuma wanne ne maƙwabcin 7812? Ina da yaƙinin akwai.

Abin da za ka yi: zuba 2N3904 kamar ashirin a tebur, ka bar su su huce, ka riƙa ɗaukarsu da hantsaki, ban da hannu. Sa mitarka a gwajin dayod ka auna bes da emita na kowanne, ka ware biyun da suka fi kusa da juna. Haɗa fuskokinsu masu faɗi, ɗan man sanyaya tiransisto a tsakani, ka ɗaure su da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi.

Ko ka yi haka akwai saura. Milibolt 18 ɗin nan shi kansa yana girma da zafi, wajen kashi 0.33 cikin ɗari a kowane digiri. Maganinsa resisto na musamman da ake kira temko, mai 3300ppm, a manna shi jikin tagwayen. Wannan ciwon ba ya sa murya gudu sosai kamar na farko, faɗin oktef yake ɓatawa.

Gajeren_Hanya ya amsa:

Da girmamawa Baba, amma me ya sa za a wahalar da yaro? Ɗan'uwa, nemi AS3340 ka huta. Kwafin CEM3340 ne na Doug Curtis, IC ɗin da ke cikin sintesaiza irin su Roland SH-101 da Prophet-5 na baya-baya. Gyaran zafin yana cikinsa, yana ba ka zubin sauti uku daga IC ɗaya, kuma oktef ɗinsa suna tafiya daidai ba tare da ka zauna kana tsince tiransisto da hantsaki ba. Ni na ɓata wata biyu a irin naka kafin na haƙura. Abu ɗaya dai: kada ka kai −12V ƙafa ta 3 kai tsaye ba resisto a tsakani. Da yawa ma −5V suke ba ta.

Uwar_Dalma ta amsa:

Malam Gajeren_Hanya, ko ya sa 3340 ɗin, kwan LED zai ci gaba da rusunar masa da murya, don wannan ciwon ba a osileta yake ba.

Ƙanina, bari in yi hasashe. Bolum ɗin da kake murɗawa ka saita murya, ƙafarsa ɗaya tana +12V, ɗayar tana −12V, ko ba haka ba? Haka yawancin zanen da ke yawo a intanet suke. Ma'anarsa duk motsin da layin wutarka ya yi, kai tsaye yake shiga kunnen VCO a matsayin umarni. A ƙa'idar bolt ɗaya oktef ɗaya, mataki ɗaya milibolt 83 ne kacal. Milibolt 10 ma kunne mai kyau zai ji shi, musamman in osileta biyu suna kuka tare.

Kwan naka kuma, wane resisto ka sa masa? In 470 om ne, yana jan abin da ya kusa miliamf 20 duk haskawa. LED na yanzu ba sa buƙatar haka. Sa 4.7k, zai haska ya ishe ka.

Kafin ka taɓa komai, ɗora mita a kan +12V a wurin VCO ɗin, ba a bakin 7812 ba, ka rage saurin LFO sosai ka zuba ido. Sannan ka auna tsakanin giraun (layin 0V) na LFO da giraun na VCO. In ka ga lamba tana rawa a nan, to wayar giraun ɗinka siririya ce kuma ka jera su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Kowane sashe ya samu wayarsa mai kauri zuwa wuri guda. Shi kuma bolum ɗin ka raba shi da layin wuta, ka ba shi tsayayyar wuta daga LM4040 ko TL431. Kowane IC a sa masa 100nF dab da ƙafafun wutarsa, ba can nesa ba.

Af, kafasiton 2.2nF ɗin nan, in ɗan faifan seramik ne na gama-gari, cire shi. Irinsu suna canzawa da zafi. Nemi C0G ko na folifirofilin. Na taɓa kwana uku ina zargin tiransisto, ashe wannan ɗan ƙwayar ne.

Ɗan_Waya ya amsa:

Baba, wallahi kamar kana leƙen teburina. Santimita uku ne tsakaninsu, ɗaya kuma yana jingine da 7812. Na auna guda 25, na samu biyu da mitata ta nuna lamba ɗaya a kansu, na ɗaure su, na kai su can ƙarshen allon. Yanzu in na kunna na ba shi minti goma ya ɗumama, yana zama. Na bar shi awa ɗaya, abin da ya motsa bai kai kwatan mataki ba. Temko bai iso ba tukuna.

Yaya Uwar_Dalma, 470 om ne cif, kunya ta kama ni. Layin +12V yana faɗuwa da kusan milibolt 30 a wurin VCO duk sanda kwan ya haska. Na sa 4.7k, na ja sabuwar wayar giraun, rusunawar ta ragu har sai na kasa kunne sosai nake jinta. LM4040 zan sa a ƙarshen mako. Kafasiton ma faifan seramik ne, na canza.

Malam Gajeren_Hanya, na gode, 3340 zai zama na biyu. Wannan dai sai na ga ƙarshensa, mun riga mun saba da shi.

Saura oktef na sama. Har yanzu suna gazawa. In na murɗa tirima, wato ɗan ƙaramin bolum ɗin saiti, na gyara su, na ƙasa sai su wuce.

Tsohon_Mai_Rediyo ya amsa:

Ba za su gyaru da tirima ɗaya ba, daina wahalar da ita. Duk zagaye, kafasiton yana cika a hankali sannan a zubar da shi farat ɗaya, amma zubarwar tana cin ɗan lokaci, kuma lokacin ba ya raguwa don ka hau sama. A ce mikrosakan 5 ne. A 100Hz zagaye ɗaya mikrosakan 10,000 ne, ba ka jin komai. A 4,000Hz zagayen 250 ne kawai, biyar ɗin nan ta zama kashi 2 cikin ɗari, kusan sulusin mataki.

Saita tirimarka da oktef na ƙasa kaɗai, tsakanin 55Hz da 440Hz, ka bar ta. Sannan ka sa ƙaramar tirima ta 2k ko 5k a jere da kafasiton lokaci, ka fara daga sifili kana ƙarawa har 3,520Hz ya zauna. Za ka koma ƙasa ka sake dubawa sau biyu ko uku, don suna ɗan jan juna. Kuma ka rufe fankar nan kafin ka fara aunawa.