Wace kalma za mu ba "flux pinning" da Hausa?

Malamin fiziks, Aliero:
Salamu alaikum. Ina shirya darasin sufakondakta ne, wato abubuwan da lantarki ke ratsawa ba tare da turjiya ba. A kiristal irin YBCO, wanda turjiyarsa ga lantarki ke ɓacewa in an sanyaya shi ƙasa da digiri 92 a ma'aunin Kelbin, maganaɗisu idan ya yi ƙarfi yakan kutsa ciki zare-zare, yadda masanin fiziks Abrikosov ya bayyana a 1957. Lantarkin da ke gudana yana tura zaruruwan gefe, da sun motsa kuwa sai makamashi ya salwanta ya koma zafi. Aibobin cikin kiristal ne ke riƙe su. Wanga riƙo, wato "flux pinning", na sa masa "kafewa". Ta yi?

Malama, Gusau:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba ta yi ba. Ɗalibi zai ɗauka abin ba ya motsi sam, alhali a ruwan naitirojin, Kelbin 77, ɗumin da ya rage ya isa ya sa zare ya yi tsalle daga wannan aibi zuwa wancan, maganaɗisun da aka tara ya riƙa raguwa sannu a hankali. Ni "turkewa" na zaɓa. Dabbar da aka turke tana ɗan zagaye, in an ja da ƙarfi ta tsinke. Aibin kansa kuma ya samu suna: turke, jam'i turaku.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Na bi bayan Malama. Turke mai kyau faɗinsa daidai da cibiyar zaren yake, 'yan nanomita kaɗan (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), shi ya sa ake shuka sandunan sinadarin BaZrO3 cikin YBCO, ko a harbi kiristal da ayon (atom masu caji) masu nauyi su bar layuka. A BSCCO, wani sufakondakta na daban, zaren kan rabu faifai-faifai, turkewarsa ta yi rauni a Kelbin 77.

Amma Malam, kar a gaya wa ɗalibai turkewa na kashe asara duka. A lantarki mai tafiya hanya guda, kusan haka ne. A mai kai-da-komo, kamar namu na zagaye 50 a daƙiƙa, kowane zagaye sai an fizge zaruruwan daga turaku an shigar an fitar, kuma wannan fizgar zafi ce. In maganaɗisu ya ratsa wayar baki ɗaya, asarar na ƙaruwa da faɗinta, don haka ake tsaga ta siri-siri.

Malamin fiziks, Aliero:
Madalla. Na ɗauki "turkewar zaren maganaɗisu". Tsallen nan na sannu fa, Malama?

Malama, Gusau:
Sulalewa. In kuma lantarki ya wuce iyaka duk suka kwance suka kwarara, a ce tsinkewa.