Naɗe layi a edita: yana ɓata kod, ko ido kawai yake hutarwa?

Sabuwar Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya mai koya mini HTML, harshen rubuta shafukan intanet, ya ga na kunna naɗe layi (word wrap, wato dogon layi ya lanƙwasa ƙasa don a ga ƙarshensa) a VS Code, editan da nake rubuta kod a ciki, ya ce in kashe. Wai mai rubuta shafi da hannu da gaske ba ya kunna shi, kuma yana ɓata kod. Ni kuwa sakin layi ɗaya na rubuta cikin `<p>`, sai da na yi ta jan shafi zuwa dama kafin in ga ƙarshensa. Da gaske yana ɓatawa?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki bi maganar malaminki. Kod ba wasiƙa ba ne. Da gefen hagu muke karanta shi: wane tag ne ya shiga ciki, wanne ne ya rufe wanne. Da zarar layi ɗaya ya naɗe ya zama huɗu, wannan tsani ya ruguje a ido. Kuma dogon layi gargaɗi ne. Idan ya wuce fuskar kwamfuta, yana gaya miki ki gyara shi. Naɗewa rufe gargaɗin take yi.

Mai Vim: Yaya, da girmamawa, ba tambayar da ta yi ka amsa ba. Cewa ta yi yana ɓata kod? Amsa ita ce a'a. Abu biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai naɗin ido, wanda Alt+Z ke kunnawa a VS Code: edita ne yake nuna layin a lanƙwashe, fayil ɗin ko harafi ɗaya bai canza ba. Ki duba lambobin gefe, za ki ga layi na 12 ya ci wuri uku amma lambarsa ɗaya ce. Sai kuma karya layi, inda ake saka ainihin alamar sabon layi cikin fayil, kamar yadda `textwidth` da `gq` suke yi a editan Vim. Wannan na biyun ne yake iya yin ɓarna.

Sabuwar Shiga: Wace irin ɓarna, Malam? Ai an ce mini burauza ba ta kula da sabon layi a HTML.

Malamar Zane: Tana kula, ƙanwata, sai dai mayar da shi take yi sarari guda. A cikin sakin layi ba matsala, tunda dama akwai sarari tsakanin kalmomi. Amma bari in ba ki abin da ya same ni. Akwai ranar da na karya wani dogon adireshi cikin `href`, wurin da ake saka adireshin mahaɗi, don ya yi kyau a ido, na tura rabinsa ƙasa, na matsa shi ciki da sarari huɗu. Burauza ta cire sabon layin, amma sararin nan huɗu suka zauna daram a tsakiyar adireshin, suka koma `%20%20%20%20`, wato yadda ake rubuta sarari a adireshi. Mahaɗin ya mutu. Na fi awa ɗaya ina zargin uwar garke (server), alhali hannuna ne ya yi aikin. Da naɗin ido na bari, da babu abin da ya faru. Haka abin yake a `<pre>` da `<textarea>`: duk inda kika karya, nan zai fito wa mai karatu. Sannan maɓallai biyu masu `inline-block`, idan kika raba su da sabon layi, za ki ga 'yar tazara ta ɓullo tsakaninsu wadda ba ki saka a CSS, inda ake tsara kamannin shafi, ba.

Mai Vim: A JavaScript ma ya fi muni. Ki rubuta `return`, ki sauka ƙasa ki rubuta abin da za a dawo da shi, sai ki samu `undefined`, babu ko ƙorafi.

Tsohon Hannu: To, na yarda, kalmar "ɓatawa" ta yi nauyi. Fayil ba ya canzawa. Amma ban janye sauran maganata ba. Malama, abin da kika kawo hujja ce a kan karya layi ba da sani ba, ba hujja ba ce a bar layi ya kai haruffa 300. Tag mai siffofi shida ana iya sauke kowace siffa a nata layin, HTML ya yarda da haka. Jerin sunayen `class` ma ana iya raba shi. Me ya sa Prettier, manhajar da ke jera kod, ya ɗauki haruffa 80 a matsayin faɗinsa na asali? Me ya sa PEP 8, ƙa'idar salon rubuta harshen Python, ya ce 79?

Mai Gyaran Shafuka: Ranka ya daɗe, 80 ɗin nan gado ne. Katin IBM mai huji na 1928 gurbi 80 gare shi, na'urori irin su VT100 na 1978 suka biyo da haruffa 80 a layi. Masu kula da Linux da kansu sun sassauta gargaɗinsu na tsawon layi zuwa 100 a 2020.

Tsohon Hannu: Gado ne, amma gadon da yake da amfani har yau. Buɗe HTML a hagu, CSS a dama, burauza a gefe, ka ga faɗin da ya rage maka.

Mai Gyaran Shafuka: Wannan ai ni yake goya wa baya. Aikina yawanci shafukan da wasu suka rubuta ne. Ba ni da ikon sake tsara fayil ɗin mutum don kawai zan canza lambar waya a ƙasan shafi. Idan taga ta ƙuntata, naɗin ido ne kaɗai zai nuna mini layin gaba ɗaya. Kuskuren da ya fi wahalar da ni shi ne wanda ya ɓuya can dama, inda ido bai kai ba: alamar zance da ba a rufe ba, ko `</a>` da aka manta.

Malamar Zane: Batun tsanin da Yaya ya ce yana rugujewa ma akwai maganinsa. A VS Code ki sa `editor.wrappingIndent` a kan `indent`, sai ragowar layin ya ƙara matsawa ciki, ba za ki ɗauke shi sabon tag ba. Ni `editor.wordWrap` nakan sa shi a `bounded`, in ba shi 100: ya naɗe a nan, ko a bakin taga idan ta fi ƙanƙanta.

Tsohon Hannu: Saura Git, manhajar da ke bibiyar canje-canjen kod. Layi-layi yake kwatanta canji. Sakin layi mai jimla takwas a layi ɗaya, ka gyara waƙafi guda, sai ya nuna duk layin ya canza. Mutum biyu su taɓa jimloli daban-daban a cikinsa, sai gyare-gyarensu su yi karo. Wanda ya saba da naɗewa ba ya jin wannan ciwon sai ranar haɗa aiki.

Mai Vim: Nan kam ka kama mu, Yaya. `git diff --word-diff` yana taimaka wa ido, amma ba ya hana karon. Sai dai karyawa a 80 ma ba ta tsira ba: ƙara kalma biyu a farkon sakin layi, ka sake jera shi, layuka shida su canza. Abin da nake yi shi ne jimla ɗaya, layi ɗaya. Burauza za ta haɗe su, Git zai nuna jimlar da aka taɓa kaɗai. Idan jimlar ta yi tsawo, naɗin ido ya riƙe ta.

Tsohon Hannu: A rubutun cikin `<p>` na karɓi wannan. A CSS da JavaScript kuwa nawa a kashe zai zauna, da layin awo a 80.

Sabuwar Shiga: Ana iya raba su haka, Yaya? HTML daban, sauran daban?

Malamar Zane: Ana iyawa. A fayil ɗin saiti ki buɗe sashen `"[html]"`, ki sa naɗewar a cikinsa kaɗai. Layin awon kuma `editor.rulers` ne.

Sabuwar Shiga: Na saka yanzu, ya yi aiki. Gobe zan buɗe fayil ɗin a gaban malamina, in danna Alt+Z sau biyu, mu duba tare ko lambobin layi sun motsa.