Masu zuwa zumunci wasu jihohin Amurka, wane gidan abinci aka kai ku?

Baƙuwar Teksas: Salamu alaikum 'yan uwa. Hutun ƙarshen shekara zan je wajen yayata a Teksas, mijinta tun yanzu yake ta cewa daga filin jirgi Whataburger za mu wuce kafin ma gida. Na lura kowane yanki da gidan abincin da mutanensa ke ji da shi, in ka tsallaka wata jihar ko alamarsa ba za ka gani ba. To ku da kuka je zumunci ina aka kai ku, me kuka ci, kuma yaya kuka yi da maganar nama? Ita ce damuwata gaskiya, ba na son in ture abin da aka saya min da zuciya ɗaya.

Baban yara: Wa alaikumus salam. Ƙanwata bar shi ya kai ki, karrama ki yake son yi. Mutanen Teksas yadda suke ji da wajen nan sai kin gani, a Corpus Christi aka fara shi tun 1950, daga nesa za ki hango ginin da zanen ruwan lemo da fari. Bogar babba ce sai da hannu biyu, kuma mastad suke shafawa. Ki nemi kecaf ɗinsu mai yaji. Wasu bogogin da naman alade a ciki, a rubuce yake a allo, ki karanta da kyau kafin ki yi oda.

Direban tirela: Ni Waffle House zan yi magana a kai don aikin tuƙi ya sa na san shi tun kafin kawuna na Atlanta ya kai ni. Can kusa da Atlantan aka buɗe na farko a 1955, kuma ba sa rufewa dare da rana, har hukumar agajin gaggawa ta FEMA tana duba ko a buɗe suke bayan guguwa don ta gane yadda ɓarnar ta kai. Daren da na sauka wajen Kawu an makara, yara sun yi barci, ya ce tashi mu je. Muka zauna a kanta, mai girkin yana gabanka kana kallon komai, ma'aikaciya tana kiran oda da ƙarfi shi kuma ko waiwaya ba ya yi yana ta fasa ƙwai, to a nan za ka ga abin da ya kamata ka sani, faranti ɗaya ne na ƙarfe mai faɗi, a kansa ake soya ƙwai da dankali da naman alade duka. Kawu ya san haka, sai ya ce a kawo mana waful kawai da kofi, shi waful ɗin ƙarfensa daban ake gasa shi. Muka daɗe a wajen nan yana ba ni labarin zuwansa ƙasar, abubuwan da bai taɓa faɗa min a gida gaban iyali ba.

Maman 'yan biyu: Allah sarki, wannan haka yake, a irin wajen nan hira ta fi fitowa. Mu Kalifoniya muka je wajen ƙanin maigida, In-N-Out suka kai mu. Layin motoci har titi wallahi, wani yaro da farar hula yana bi mota mota yana ɗaukar oda. Abincinsu ba yawa, boga ce da soyayyen dankali da abin sha, shi ke nan, tun 1948 suke kuma iyali ɗaya ne ke riƙe da shi. Ba sa daskarar da nama shi ya sa ba sa buɗe reshe nesa da inda suke sarrafa shi, wanda ke Niyok sai dai ya ji labari. Abin da ya kwantar min da hankali babu naman alade a jerin abincinsu. Ni sai yankan musulmi nake ci, matar ƙanin ta yi min odar wanda ba nama, burodi da cuku da tumatur da albasa, ya yi daɗi sosai. Maigida kuwa Double-Double ya ci, wato boga mai nama biyu.

Ɗalibi a Ohayo: Anti maganar yankan nan ita ke kawo muhawara a mota kullum, wani ya ce yankan ahlul kitabi ne wani ya ce a'a. Abin da na gani ya fi, a yi maganar tun a gida kafin a fita, kowa ya bi abin da malaminsa ya gaya masa, kar a zo gaban kanta ana ja-in-ja mai masauki yana tsaye da kati a hannu. Ni in 'yan uwa suka zo Skyline Chili nake kai su. Taliya ce a zuba miyar niƙaƙƙen nama mai ƙamshin kirfa a tula cuku a sama, wani Bagirke ne ya fara a Cincinnati a 1949. Wasu cokalin farko suke ajiyewa, wasu su nemi ƙari.

Hajiya babba: Ɗiyata ki kula da ganye da wake in kin shiga jihohin kudu, ba nama kaɗai ba. An kai ni wani gidan abinci irin na zama, jikata ta zaɓa min wake da dafaffen ganye don ta san ba na cin namansu, da aka kawo na juya cokali sai ga 'yan gutsattsarin nama ja a ciki. Muka tambaya, ashe da naman alade suke dafawa don ɗanɗano. Yarinyar nan har ƙwalla ta yi. Na ce mata ba komai, aka canza min da kifi. Ki buɗe baki ki tambaya da me aka dafa, ba sa jin haushi. Kuma duk inda aka zaunar da ku aka kawo muku abinci tebur ana barin tukuici, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin, in mai gida ya biya ke ki ajiye wannan.

Mai sanyi, Wiskonsin: Masu neman kifi ku zo Culver's, nan jihar aka haife shi a 1984. Kifinsu sai ka yi oda ake soya shi, ga cukun da suke soyawa ƙwallo ƙwallo, ga kastad mai sanyi da kullum akwai ɗanɗanon ranar. Surukata da ta zo sai da ta sa muka koma kafin ta tafi.

Baƙuwar Teksas: Na gode ƙwarai, Hajiya na riƙe maganar wake da ganye. Yanzu na kira Yaya na faɗa mata matsayina kan nama, ta ce ai ita ma haka take, za ta nuna min abin da take ci a can. Wanda ya san gidan abincin Bojangles ya taimaka, daga Teksas Karolaina ta Arewa zan wuce wajen ƙanwar babanmu, an ce shinkafarsu akwai alade a ciki, haka ne?

Direban tirela: Haka ne, wadda suke kira Dirty Rice, ki bar ta.