Na ci jarrabawar Turanci, amma tsofaffin Leeds sun mayar da ni kurma

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga ni zuwa ƙasar nan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata takwas ina aiki a Kano kafin na taho Ingila, yanzu watana biyar a wani asibiti a Leeds, ɓangaren tsofaffi. Sai da na ci jarrabawar Turanci ta IELTS kafin a yi min rajista, 7 a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu, daidai abin da NMC, hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta nan, take nema. Na sauka ina ganin na gama da Turanci. Ashe da sauran rina a kaba.

Satin da ya wuce wata tsohuwa ta kira ni ta ce, "I need to spend a penny, love." Na ɗauka sayayya take so, na ce mata shagon ƙasa ya rufe sai gobe. Ta dube ni ta yi shiru. Kafin na zagayo ta jiƙa gado. Ashe banɗaki take nufi. Wallahi da na koma gida sai da na yi kuka, don matar ta kai sa'ar kakata, kuma ni na jawo mata wannan kunyar.

Na biyu kuma rubutun rahoto. Shugabarmu ta ja ni gefe, cikin mutunci dai, ta nuna min inda na rubuta "he is vomiting since morning", ta ce "has been vomiting" ake cewa. Dokar nan na haddace ta tun sakandare, amma in ina sauri sai ta gudu ta bar ni. Har littafin karin maganar Turanci na saya, na tarar da su "raining cats and dogs", alhali wata biyar ana ruwa kusan kullum ban ji mutum ɗaya ya faɗa ba. Ta ina zan kama?

Maman Yusra, Bradford:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Share hawayenki, duk wadda ta yi aikin nan tana da irin wannan labarin. Nawa ma ya fi naki. Wani dattijo ya ce min "I've been sick", na ce ai shi ya sa kake asibiti, Baba. Ashe amai ya yi, yana so a canja masa riga. Ki riƙe wannan da kyau don yana shiga rahoto: a bakinsu "been sick" amai ne, "feel sick" tashin zuciya, rashin lafiya kuma "poorly" suka fi cewa.

Maganar kwabon nan tsohon zance ne. A da banɗakunan kan titi sai ka jefa kwabo ɗaya a makulli kafin ƙofa ta buɗe, shi ya sa tsofaffi suke sakaya zancen da shi, kamar yadda mu muke cewa za mu zagaya ko za mu kama ruwa. Wa zai gane "kama ruwa" daga ƙamus? In sun ce "waterworks" fitsari da mafitsara ake nufi. In wani ya ce bai ci "tea" ɗinsa ba, kar ki nufi butar shayi, a arewacin Ingila abincin dare ne, "dinner" kuma na rana. "Nowt" babu komai, "summat" wani abu.

Ki ajiye wancan littafin. Ki sa ƙaramin littafin rubutu a aljihun rigar aiki, duk abin da ya shige miki duhu ki rubuta jimlar gaba ɗayanta, ba kalmar kaɗai ba, lokacin hutu ki tambayi mataimakan jinya 'yan garin. Su ne malamanki, kuma suna jin daɗi a tambaye su. Sannan don Allah ki daina cewa "I'm coming" in za ki fita. "Ina zuwa" ɗinmu ce muka sa mata kwat. Bature yana jin kin ce kina zuwa, ya ga kin juya baya kin tafi, sai ya ɗauka raini ne. Ki ce masa za ki dawo nan da minti biyar, kuma ki dawo ɗin.

Malam Auwalu, Zariya:
Hajiya, ni Turanci nake koyarwa, kuma kuskuren nan naki na fi shekara ashirin ina jan masa jan biro. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, Hausar ce take aiki a ƙarƙashi. Mu abin da ya dame mu shi ne aiki ya kammala ko yana gudana. Muna cewa "yana amai tun safe", da "yana", don har yanzu bai daina ba, shi ya sa hannunki yake rubuta "is vomiting". Bature kuwa in abu ya faro a baya ya iso yanzu, yana da siga ta daban. To ki ɗaure wannan a bakin zane: inda Hausa ta haɗa "tun" da "yana" ko "tana" a kan aikin da yake gudana har yanzu, yawanci Turancinsa "has been" ne da -ing.

Ɗaya tarkon shi ne "ya sha magani". A wurinmu jimla ɗaya ce, a wurinsu biyu. In kin faɗi lokacin da ya wuce, kamar jiya ko ƙarfe takwas, sai "he took". In ba ki ambaci lokaci ba, kina nufin dai a yanzu ya riga ya sha, sai "he has taken". Kuma su ba sa shan ƙwaya, "take" suke yi. A aikinku bambancin nan ba ado ba ne: "he vomited twice this morning" abu ne da ya faru ya wuce, "he has been vomiting since six" kuwa likita zai taso. Haka "tana da ciwon suga", kar "tana" ta ruɗe ki ki rubuta "she is having". "She has diabetes" kawai.

Kar ki koma haddace jadawali. Ki zaɓi jimla goma da kike rubutawa kullum a wurin miƙa aiki, ki sa shugabar taku ta gyara su sau ɗaya, ki riƙa maimaita su da baki a hanya har harshenki ya riga tunaninki.

Abba:
Anti ki dinga kallon fim kawai, ni da shi na koyi nawa, ban taɓa buɗe littafi ba.

Maman Yusra, Bradford:
Abba, fim ɗin Amurka kake kallo ko? Je ka ce wa tsohuwar Yorkshire ta cire "pants" za a auna ta, kana nufin wando. A nan kamfai ka ce. Ƙanwata, in sauraro ne ki kunna BBC Radio Leeds kina girki, musamman lokacin da mutanen gari suke bugo waya. Muryar marasa lafiyarki ke nan.

Isufu, Maraɗi:
Ku gode Allah ku da kuka fara da Turanci. Mu da muka yi boko da Faransanci, "j'ai mangé hier" daidai ne, sai mu kwaso shi mu ce "I have eaten yesterday". Abin da Malam ya faɗa na ambaton lokaci shi ya raba ni da wannan, bayan na sha dariya a Legas.

Hajiya Bilki, Manchesta:
Abu ɗaya zan ƙara. Ki koyi waɗannan maganganun don ki gane su, ba sai kin faɗe su ba. Wasu na zolaya ne, wasu zagi ne a ɓoye, kuma baƙo bai san iyakarsu ba. A wurin aiki ki tsaya kan Turancinki mai tsabta. In ba ki gane ba kar ki gyaɗa kai don kunya, wannan gyaɗa kan namu shi yake jawo matsala. Ki mayar wa mutum maganarsa da kalmominki: "Do you mean you need the toilet?" Babu wanda zai ji haushi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na kai wa shugabarmu jimlolin, bakwai daga cikin goman sai da ta taɓa su. Maman Yusra, na sayi littafin aljihun, kwabon tsohuwa ne a shafin farko. Na je na ba ta haƙuri, ta kama hannuna tana dariya ta ce ita ma ba ta gane rabin abin da jikokinta suke faɗa. Yau da asuba wani dattijo ya ce min gwiwarsa tana "giving me gyp". Na tsaya na ce, ciwo take maka? Ya ce ƙwarai, tun daren jiya. Na rubuta masa "has been" ɗinsa, na kira likita.