Karen Maƙwabta da Gwiwar Gwaggo

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya a Mabera karen maƙwabta ya tsare Gwaggo, sai shinshinar gwiwarta yake, a kore shi ya dawo. Tun dare ta kasa sukuni, wai in kare ya nace ma mutum haka, cuta ya jiyo.

Kawu: Ai ba ƙarya ba ne. Da wagga magana munka tashi. Dabba na ganin abin da ɗan Adam bai gani.

Dakta: Allah shi ƙara girma Kawu, ba gani ba ne, hanci ne. Ƙwayoyin jin wari a hancin kare kan kai miliyan 300, namu kamar miliyan 6. Shinshina ita ce gaisuwarsa: daga ina kake, me ka ci, me ka taɓa. Shi ya sa yake kai hanci hammata da cinya, inda zufa ta fi wari.

Kawu: To ka faɗi da bakinka. Hancin da ke jin wannan zai kasa jin cuta?

Yaya: Dakta, kar ka ɓoye rabin zance. A wani bincike da aka bayyana a 2018, an sa yara a Gambiya sun kwana da safa, aka kai safar Ingila, karnuka suka riƙa ware ta masu zazzaɓin cizon sauro.

Dakta: Haka ne Yaya. Amma wata da watanni aka yi ana horar da su kan wari ɗaya tak, kuma duk da haka 70 cikin 100 suka gano, 30 suka wuce su. Shi wannan da ke yini a bola, wa ya horar da shi? Mai lafiya ma shinshinarsa yake, har tayar babur.

Gwaggo: Ku bar musu haka nan. Man shanu na shafa ma gwiwar, sanyin ƙashi ya dame ni.

Auta: Kai Gwaggo! Ashe man shanu ya biyo!

Dakta: Gwaggo, bai dai cije ki ko ya lashi wani rauni ba ko? In ya yi, a wanke da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti yau saboda ciwon haukan kare.

Gwaggo: Ko haƙorinsa ban gani ba, ɗana.

Kawu: Tsaya tukuna. Gwiwar na ciwo ko ba ta ciwo? Tana ciwo. To ina karen ya yi ƙarya?